Darasin Wannan Wata: Sukolashif Domin Matasa Masu Kula Da Ƙasa

'Yan'uwa, darasinmu na wannan wata a kan ƙasa yake, watau gona da fadama da gulbi da itatuwa, da kuma samari da 'yan mata waɗanda za su kula da su bayanmu. Akwai makarantu da ƙungiyoyi masu biya wa matasa kuɗin karatu idan sun ga suna aikin kiyaye muhalli. Wannan taimako shi ake kira sukolashif. Da yawa a cikinmu ba mu san hanyarsa ba. Waɗansu kuma suna tsammani rabon 'ya'yan manya ne na Legas da Abuja. Za mu ɗauki misali daga ƙasar Talata Mafara da Bakura da Maradun a Jihar Zamfara, gama abin da ya faru can ya isa ya nuna mana dalilin da ya sa muke bukatar irin waɗannan matasa. A karanta a hankali, sa'an nan a amsa tambayoyin da ke ƙarshe a taron matasa ko na zumuntar mata.

1. Labarin Bakalori

Gulbin Sakkwato yana tasowa daga wajen Funtuwa. Ya bi ta Gusau, ya ratsa ƙasar Maradun da Mafara da Bakura, kana ya haɗu da Gulbin Rima kusa da birnin Sakkwato. Tun kaka da kakanni, kowace damina gulbin yakan cika ya malala cikin fadama. In ruwa ya janye, sai ya bar laka mai ƙarfi da danshi. Da wannan mutane suke noman shinkafa. Da rani su yi lambu, masunta su kama kifi a tafkunan da ruwa ya bari, makiyaya kuma su sami ciyawa.

A 1969 masanan Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya suka ba da shawara a yi ƙaramar madatsar ruwa a Bakalori, a bi aikin sannu sannu, kada a dama wa manoma al'amarinsu. Amma da kuɗin man fetur ya shigo, sai gwamnati ta zaɓi babban aiki. Aka ba kamfanin Impresit na ƙasar Italiya. Aka soma gini a 1974, aka gama a 1978. Tsawon madatsar ya fi kilomita 5. An yi ta domin ta riƙe ruwa wajen mita miliyan 450 na awon cika, ta shayar da gonaki wajen hekta 23,000.

Nufin mai kyau ne, watau a yi noma damina da rani. Amma ga abin da ya biyo baya. Mutanen da tafkin ya cinye garuruwansu, aka tashe su zuwa sababbin matsugunai a kan tudu, inda ƙasa ba ta kai fadama albarka ba. A filin ban ruwa kuwa, aka hana manoma shuka yayin da motoci suke baje ƙasa, aka tumɓuke itatuwa masu amfani. Maganar diyya ta yi ta jan ƙafa. Manoma suka tare hanyoyin aikin. A watan Afrilu 1980 'yan sanda suka far musu, aka yi asarar rayuka a Birnin Tudu da ƙauyukan kewaye. Gwamnatin wancan lokaci ta faɗi adadi kaɗan, amma mutanen wurin da masu bincike sun ce mamatan sun kai ɗaruruwa.

Waɗanda suke zaune a ƙasan madatsar su ma abin ya taɓa su. Da aka tare gulbin, ruwan da yake malala cikin fadamarsu ya ragu. Masu noman shinkafa da yawa suka koma gero da dawa, kifi kuma ya yi ƙaranci. Bayan 'yan shekaru na'urorin yayyafa ruwa da aka kawo daga waje suka lalace, yashi da ciyawa suka cike hanyoyin ruwa, har filin da ake nomawa da rani bai kai rabin abin da aka yi nufi ba. A 2014 Bankin Duniya ya yarda da wani shiri mai suna TRIMING domin gyaran manyan ayyukan ban ruwa na Arewa, Bakalori kuwa tana cikinsu.

Kada mu ce madatsar ba ta da amfani. Dubban gidaje sun ci shinkafa da kayan lambu daga ruwanta. Amma an sayi wannan amfani da tsada ƙwarai.

2. Abin da labarin yake koya mana

Injiniya ya san siminti da awon ruwa. Manomi ya san ranar da gulbi yakan cika, da inda ruwa yakan kwanta, da itacen da ba a sarewa. Masu sanin duka biyu kuwa kaɗan ne ƙwarai a wancan lokaci. Da a ce akwai 'ya'yan Maradun da Bakura da yawa waɗanda suka iya karanta taswirar aikin, suka kuma iya zama a zaure su fassara wa iyayensu, sa'an nan su kai maganar iyayen gaban hukuma da hujja a rubuce, da wataƙila an rage wahala. Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari. Haka kuma da ɗan gari akan gyara shi.

Aikin bai ƙare ba. Iska tana kwashe ƙasar sama inda aka sare itatuwa. Ruwan sama yana yanka kwazazzabai a bakin garuruwa. Itacen girki da gawayi suna cin daji. Manyan shirye shirye kuma suna ta zuwa. A 2007 ƙasashen Afirka suka yarda a kafa shingen itatuwa daga Senegal zuwa Jibuti domin tare hamada. A 2015 Nijeriya ta kafa hukumar wannan aiki, Zamfara kuwa tana cikin jihohi 11 da ya shafa. A 2021 Bankin Duniya ya yarda da dala miliyan 700 domin shirin ACReSAL na gyaran ƙasar da ta lalace a jihohin Arewa 19 da Abuja. Kowane irin wannan shiri yana neman masu awo, da masu renon dashe, da masu rubuta rahoto, da masu magana da jama'a. In ba mu da namu masu ilimin, za a kawo baƙi, mu kuwa mu zama 'yan kallo a gonakinmu.

3. Misali biyu na abin da ilimi ya yi

Misali na fari daga maƙwabtanmu ne na Maraɗi a Jamhuriyar Nijar. Wani ma'aikacin mishan na SIM, Tony Rinaudo, mutumin Ostareliya wanda ya karanta aikin gona, ya yi ta dasa itatuwa a can, yawancinsu suna mutuwa. Wata rana a 1983 ya tsaya a hanya domin ya rage iskar taya saboda yashi. Ya dubi wani ɗan tsiro a gona, ya lura da ganyensa, sai ya gane ashe ba ciyawa ba ce. Kututturen itace ne da aka sare, saiwarsa tana da rai a ƙasa, kowace shekara yana tohowa, kowace shekara kuma masu sassabe suna sare shi.

Ga hanyar da ya koya tare da manoma. A zaɓi rassa masu ƙarfi daga ɗaya zuwa biyar a kan kututturen. A yanke sauran da wuƙa mai kaifi. A rage ƙananan rassan gefe har wajen rabin tsayinsa. A kare shi daga wuta da gatari, a riƙa komawa bayan 'yan watanni ana gyara shi. Da yake saiwar ta riga ta yi zurfi, itacen yakan yi girma da sauri fiye da dashe, ba ya kuwa bukatar ban ruwa. Mutanen Nijar suna ce da wannan sassabin zamani. Sabara da kalgo da aduwa da magarya duk suna tohowa haka. Gawo kuwa abokin manomi ne, gama da damina yake zubar da ganye, ba ya hana gero rana, ganyen ya zama taki, 'ya'yansa kuma abincin dabbobi ne da rani. Manomi ya koya wa manomi, har masana suka ƙiyasta an raya fiye da hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200 a Nijar. A 2018 aka ba Rinaudo lambar yabo ta Right Livelihood, tare da Yacouba Sawadogo, wani manomi na Burkina Faso.

Misali na biyu daga cikin Zamfara ne. A 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka gano gubar dalma tana kashe yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Ana niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje, ƙurar kuwa tana ɗauke da dalma. Yara fiye da 400 suka mutu. Aka share ƙasa mai guba a waɗansu ƙauyuka, amma garin Bagega ya daɗe yana jira, gama kuɗin da aka yi alkawari bai fito ba. A 2012 wani saurayi mai suna Hamzat Lawal da abokansa suka je Bagega, suka rubuta abin da suka gani, suka baza labarin ta intanet, suka yi ta bin sawun kuɗin. Su da sauran masu kira suka matsa, har gwamnati ta saki kuɗin a farkon 2013, aka share garin, likitoci suka soma yi wa yaran magani.

Ku lura da abu guda. Rinaudo ya san ganyen itace. Samarin nan sun san rubutu da lissafin kuɗi. Ilimi ne ya buɗe musu ido, amma ƙafa ce ta kai su wurin.

4. Ƙofofin karatu da na taimako

Ƙofa ta fari ita ce makarantun gida. A Talata Mafara akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da Jami'ar Jihar Zamfara. A Bakura akwai kwalejin aikin gona. A Gusau akwai Jami'ar Tarayya, wadda aka kafa a 2013. A Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ana koyar da ilimin gandun daji. Akwai kuma kwalejojin gandun daji na tarayya a Jos da Afaka ta Kaduna. Mai son irin wannan karatu, galibi ana neman ya ci darussa 5 a jarrabawar gama sakandare, har da Turanci da lissafi da kimiyyar halittu ko aikin gona da kimiyyar sinadarai. Jihohi suna da hukumomin sukolashif, Gwamnatin Tarayya ma tana da tata. A 2024 kuma aka buɗe asusun NELFUND domin ɗalibai. Amma a sani wannan bashi ne da za a biya bayan an soma aiki, ba kyauta ba ce.

Ƙofa ta biyu ta masu neman zurfin ilimi ce. A farkon shekarun 2000 aka kafa cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis, wadda ake kira APLORI, a dajin Amurum kusa da ƙauyen Laminga, gabas da Jos. Tare da Jami'ar Jos take koyar da digiri na biyu na kiyaye halittu, ta kuma ɗauki nauyin ɗalibai da yawa daga Nijeriya da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma. A Kano, Jami'ar Bayero ta kafa Cibiyar Nazarin Noma a Ƙasa Mai Ƙarancin Ruwa a 2012, wadda ta sami taimakon Bankin Duniya ta tallafa wa masu digiri na biyu da na uku. Gidauniyar Kiyaye Muhalli ta Nijeriya, watau NCF, wadda Cif S. L. Edu ya kafa a 1980, ta sha ba masu digiri na uku kuɗin bincike da sunansa.

Ƙofa ta uku ta masu aiki a fili ce. Shirin Conservation Leadership Programme, wanda ya soma a 1985, ya sha ba ƙananan ƙungiyoyin matasa kuɗi har dala 15,000 tare da horo, domin su yi aikin kiyaye wata dabba ko tsiro da wurin zamansu. Wanda bai kai jami'a ba ma kada ya karai. Gidauniyar Leventis ta buɗe makarantun noma na shekara ɗaya kyauta domin matasa, ɗaya a Panda ta Jihar Kano, ɗaya a Dogon Dawa ta Jihar Kaduna.

Waɗannan ƙofofi sukan buɗe su rufe, sharuɗɗansu kuma sukan sake. Domin haka a tambayi makarantar ko ƙungiyar da kanta kowace shekara. A kuma yi hankali da mazambata. Duk wanda ya aiko saƙo ta waya ya ce a tura kuɗi asusunsa domin ya samo maka sukolashif, to ka guje shi.

5. Wane ne akan zaɓa?

Masu ba da irin wannan taimako sukan sami takardu da yawa, kowace kuwa tana cewa, ina son itatuwa, ina ƙin hamada. Faɗar haka ba wuya. Abin da suke nema shi ne shaida. Tambayarsu ita ce, me ka riga ka yi, da wa ka yi shi, me ya fito?

Bari mu ce akwai wata yarinya a Bakura wadda ta gama sakandare. Ba ta da kuɗi, amma tana iya yin waɗannan abubuwa tun daga wannan rani.

Na ɗaya, ta zaɓi aiki ƙarami guda ɗaya. Ko ta raya kututture 40 a gonar mahaifinta. Ko ta tara ledojin ruwan sha da aka yar, ta reni dashen darbejiya da zogale da bagaruwa a ciki. Ko ta tara ƙawayenta su dasa jema a bakin kwazazzabo, gama saiwar jema tana riƙe ƙasa.

Na biyu, ta nemi izini. Ta gaya wa mai gona da mai unguwa da malamin gona. Itacen da mai unguwa bai san da shi ba, akuya ce za ta ci shi.

Na uku, ta sayi littafi ta riƙa rubutawa. Ran kaza na dasa guda kaza. Bayan rani guda kaza suka rayu. Ta rubuta waɗanda suka mutu da dalilin mutuwarsu. Ta ɗauki hoto da waya a wuri ɗaya kowane wata uku. Wanda ya ce na dasa 100, 35 suka rayu, na kuwa gane kuskurena, ya fi samun yarda a wurin masana bisa wanda ya ce ya dasa dubu ba shaida.

Na huɗu, kada ta yi ita kaɗai. Shugaba shi ne wanda waɗansu suka bi. Ta jawo maƙwabta, Kirista da Musulmi, 'ya'yan manoma da 'ya'yan makiyaya. Iskar da take kwashe ƙasa ba ta tambayar gonar wane ne.

Na biyar, ta nemi dattawa biyu masu gaskiya waɗanda suka ga aikin da idonsu, su rubuta mata takardar shaida. Ta kuma gyara Turancinta da iya kwamfuta, gama yawancin takardun nema ta intanet ake cika su.

Ga gargaɗi kuma. Mun san wahalar da 'yan bindiga suka jawo wa ƙasar Maradun da Mafara da Bakura a shekarun nan. Kada wani matashi ya shiga daji mai hatsari domin neman suna. Filin makaranta da bakin hanya da gonakin kusa da gari sun isa a fara. Ran mutum ya fi kowane itace.

6. Wanda ya karɓa, lalle ya komo

A 1960 aka zaɓi wata yarinya 'yar manoma daga ƙasar Kenya, Wangari Maathai, cikin ɗalibai wajen 300 da aka ba sukolashif zuwa Amurka. Ta karanta kimiyyar halittu, ta gama digiri na fari a 1964, na biyu a 1966. Da ta so, da ta nemi zama can. Amma ta koma gida. A 1971 ta sami digiri na uku a Jami'ar Nairobi. Ta ji kukan matan ƙauye, ba itacen girki, rafuffuka suna ƙafewa. Ran 5 ga Yuni 1977 ita da waɗansu mata suka dasa itace 7 a Nairobi. Daga nan ƙungiyarta ta Green Belt ta tashi, wadda ta dasa fiye da itace miliyan 50. A 2004 aka ba ta lambar Nobel ta zaman lafiya, ita ce mace ta fari daga Afirka da ta same ta. Ta rasu a 2011.

Sukolashif amana ce. Waɗansu ne suka tara kuɗin domin ƙasa ta amfana. Kowa ya ci ladan kuturu, tilas ya yi masa aski. Ba mu ce kowane mai digiri ya zauna a ƙauye har abada ba. Amma wanda aka koyar da sunan Bakalori, ya kamata Bakalori ta ga amfaninsa. In ya komo kuma, kada ya raina tsofaffi. Ya tuna abin da raina sanin manomi ya jawo a 1980.

7. Rabon iyaye da ekklesiya

Iyaye, kada ku ce karatun gona da daji na waɗanda suka kāsa samun likitanci ne. Ku ba yaro ɗan gefen gona ya gwada. Ku bar 'yan mata su ma su nema, gama su ne suka fi sanin nisan itacen girki da zurfin rijiya.

Dattawan ekklesiya kuma, ga abu uku masu sauƙi. Ku ba matasa wani gefe na fili kusa da rijiya su reni dashe. Ku sa mutum ɗaya mai karatu ya riƙa bin labarin sukolashif, ya sanar a kan kari. Ku kuma ajiye ɗan kuɗi domin jarrabawa da mota da takardu, gama sau da yawa ƙaramin kuɗi ne yake hana yaro kaiwa bakin babbar ƙofa. In dattijo zai rubuta wa yaro shaida, ya rubuta gaskiya kaɗai. Shaidar ƙarya guda takan rufe ƙofa ga yara goma masu zuwa.

Tambayoyi

1. A wace shekara aka gama madatsar Bakalori? Faɗi amfani ɗaya da wahala biyu da ta kawo.
2. Me ya sa mutanen da suke ƙasan madatsar suka rage noman shinkafa?
3. Bayyana yadda ake raya kututture. Waɗanne itatuwa ne suke tohowa a gonakinku?
4. Mene ne bambancin sukolashif da bashin karatu?
5. Waɗanne abubuwa biyar ne matashi zai yi kafin ya nemi taimako?
6. Wane ne a cikin matasanku ya riga ya soma irin wannan aiki? Me za ku yi masa kafin damina ta faɗi?